Yadda darakta zai horar da malamansa a cikin makarantarsa

A makarantun firamare na arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa har Kuseri, malaman da ke tsaye gaban allo iri biyu ne. Akwai wanda ya fito daga ENIEG, makarantar horon malamai, da takardar koyarwa ta CAPIEMP a hannu. Akwai kuma malamin iyaye, wanda ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE ke tara wa ɗan abin da ya samu a ƙarshen wata. Wannan na biyun sau da yawa ɗan unguwa ne mai BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, mai son aikin, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake shirya darasi. Tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a shekarar 2000 yara suka yi ta ƙaruwa, malamai masu horo kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Abin da ya fi damuna shi ne, SIL, ajin farko na firamare, wanda ya fi kowane wuya, shi ake yawan miƙa wa wanda ya fi kowa ƙarancin horo.

Tarukan UNAPED, inda malaman makarantun yanki ke haɗuwa don horo, da ranakun ƙara wa juna sani da ofishin insifekta ke kira suna da amfani, a je su. Sai dai taron kwana biyu ba ya bin malami zuwa ajinsa ranar Litinin. Wanda ke ganinsa kullum shi ne darakta, don haka nauyin horon a wuyansa yake. Zan riƙa cewa "kai", amma maganar har da iyayenmu mata masu riƙe da makarantu.

Ka yanko lokaci tukuna

Daraktoci da yawa a ƙauyuka su ne ke riƙe da CM2, ajin ƙarshe, da kansu, ga rajista, ga iyaye a bakin ofis. Kada ka ɗora wa kanka abin da ba za ka iya ba. Rabin awa sau biyu a mako ya isa farawa. Ka zaɓi lokacin da 'yan ajinka ke aikin rubutu, ka bar su da shugaban aji, ka kuma rubuta wannan rabin awar a jadawalin da ke manne a bangon ofis kamar kowane darasi. A Maris da Afrilu ka mai da shi safiya, domin bayan ƙarfe goma sha ɗaya a ƙarƙashin kwano, malami da yara duk sun galabaita. Makonnin da ke gab da 11 ga Fabrairu ma kada ka dogara da su, shirin faretin bikin matasa yana cinye su.

Ka faɗa wa malamai abin da kake nufi

Malamai sun saba cewa duk wanda ya shigo aji ya zauna a baya da biro, maki ya zo bayarwa. In ba ka kawar da wannan tsoron ba, abin da za a nuna maka darasin ado ne, wanda aka riga aka yi wa yara jiya. A taron malamai na farkon zango ka faɗa a fili cewa wannan shiga aji ba ta da alaƙa da rahoton da ake kai wa insifekta, ba kuma za ta taɓa kuɗin malamin iyaye ba. Sannan ka cika alkawarin.

Hanya mafi sauƙi ta sa su yarda ita ce ka fara da kanka. Ka gayyaci malamai biyu su zauna a ajinka, su kalli darasinka, su faɗi abin da suka gani. Dattijon da ya girme ka a shekaru da aiki kuwa, ba a tunkararsa da maganar gyara. Ce masa: "Baba Malam, ina so in zo in ga yadda kake koyar da rabawa, don yaran nan sababbi su amfana." Mafi yawansu za su ji daɗi, kai ma za ka ƙaru.

Ka gano abin da yara suka iya

Kafin ka kalli malami, ka saurari ɗalibai. Ɗauki rajistar CE1, wato aji na uku, ka zaɓi yara goma, kana tsallake sunaye, maza da mata, kada malami ya zaɓar maka. Ka zauna da su ɗaya bayan ɗaya a inuwar darbejiya, ka miƙa wa kowa layi huɗu na Faransanci mai sauƙi da ka rubuta da hannunka, wanda ba su taɓa haddacewa ba. Za ka ga sun kasu uku: mai karantawa, mai haɗa baƙi da ƙyar, da wanda ko haruffan bai rarrabe ba. Tsarin da ake bi yana barin yaro ya wuce daga SIL zuwa CP, aji na biyu, ba tare da maimaita aji ba, saboda haka raunin yakan ɓoye har sai an zo CE1, wani ma har gab da jarrabawar CEP ta kammala firamare. Abin da ka ji daga bakin yaran nan goma shi zai gaya maka inda horon wannan zangon zai dosa. A mafi yawan makarantunmu amsar karatu ce.

Zaman aji

Nan ne aikin yake. Ka shiga da sallama, ka wuce baya, ka zauna a bencin yara ko a tabarmarsu. Ka kashe waya. Ko malami ya rubuta kuskure a allo, kada ka ce uffan a gaban yara. Mutuncinsa a idonsu shi ne jarinsa, in ka zubar da shi a minti ɗaya, sai ya yi wata yana tattarawa.

Idonka ya fi tsayawa kan yara fiye da kan malami. Misali, Malama ta rubuta ba, be, bi, bo, bu, tana nunawa da sanda, aji duka na amsawa da ƙarfi har ana jin su daga bakin hanya. Daga gaba sai ka ce darasi ya yi kyau. Daga baya kuwa za ka ga yarinyar da ke kusa da kai bakinta na motsi daidai da na kowa, amma idonta na kan taga, ɗan allonta kuma babu komai a kai. Waƙar ta haddace. In aka nuna mata bo ita kaɗai, ba bisa jeri ba, shiru za ta yi.

Irin wannan za ka rubuta, yadda ka gan shi, da lokacinsa. "Minti goma sha biyu Malama na magana, yara na saurare." "Tambaya tara, bakwai sun tafi layin gaba, ɗaya ce ta je ga mace." Kada ka rubuta "darasi ba shi da armashi", domin malami ba zai san abin da zai yi da wannan ba. Ka lura kuma da harshe. Yaron SIL ya zo ne da Hausa ko Fulatanci, ko Mafa, ko Tupuri, ko Larabcin Shuwa, Faransanci kuwa a aji ya fara jin sa. Shin malamin ya ɗaga ƙwarya ya nuna kafin ya faɗi sunanta? Ya bar wani yaro ya bayyana wa ɗan'uwansa umarnin da harshen gida, ko kuwa ya ci gaba da maimaita jimlar da ƙarfi? A ganina kalma ɗaya da harshen gida, wadda ta buɗe wa yaro ma'ana, ta fi maimaici goma amfani.

Maganar bayan darasi

A yi ta a ranar, ku biyu kaɗai, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Minti goma sha biyar ta isa. Ka fara da tambaya, ka bar ta ta yi magana:

"Malama, sannu da ƙoƙari. Yaya kika ga darasin?"

Sau da yawa ita da kanta za ta ambaci rabin abin da ka rubuta. Sannan ka faɗi abu ɗaya mai kyau da ka gani da idonka, ka kira shi da sunansa: rubutunta a allo manya ne, na baya na gani. Sai ka karanta mata abin da ka lura da shi, ka tambaya: "Yaya za mu yi mu san wa ya gane, wa bai gane ba?"

Ku tashi da gyara ɗaya tak. Ko ka ga kurakurai takwas, ka riƙe bakwai a littafinka. Malamin da aka zuba wa takwas ba ya gyara ko ɗaya, ƙarshenta ma ya fara gudun haɗuwa da kai.

A misalin nan gyaran da ya dace shi ne dabarar ɗan allo da masu horon ENIEG suka sani da PLM, tsarin La Martinière. Malama ta faɗi gaɓa, yara su saurara hannu a ɗage da alli. Ta buga tebur, su rubuta. Ta sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. A kallo ɗaya ta ga aji duka, ko da yara ɗari ne, ta ga wanda ya rubuta d a wurin b. Ba ta buƙatar komai sai allo da alli. Ka nuna mata a nan ofis, kai ne malami ita ce ɗaliba, sannan ku juya. Ka ce za ka dawo mako mai zuwa don ka ga wannan abu ɗaya, ka kuma dawo. Rashin dawowar nan shi ke kashe yawancin irin wannan shiri.

Zaman Laraba

Ranar Laraba ana tashi da wuri, sai a ɗauki awa ɗaya, sau biyu a wata. Kada a bari ya koma taron sanarwa da ƙorafin albashi, waɗannan suna da nasu lokacin. Kowa ya zo da littafin shirin darasinsa.

Manhajar da ma'aikatar ilimin firamare, MINEDUB, ta fitar a 2018 ta ɗora karatun shekara kan jigogi takwas, irin su gida, makaranta, sana'o'i da lafiya, kowane wata da nasa: mako uku na koyarwa, na huɗu na haɗa abin da aka koya, da gwaji, da taimakon waɗanda aka bari a baya. Malamin iyaye da yawa bai taɓa riƙe littafin manhajar a hannunsa ba. Ku buɗe shi tare, ku shirya darasi ɗaya na mako mai zuwa daga farko har ƙarshe. Sannan wani ya tashi ya koyar da shi, sauran su zama yara. Gani ya kori ji. In lissafi ne, a zo da karan dawa da aka yanyanka, a ɗaure goma goma da zare, a zo da marfin kwalba. Wanda ya kwance ɗaurin goma da hannunsa don ya cire takwas daga ashirin da uku, ya fahimci aro a lissafi, gobe kuma zai iya nuna wa yara.

Mako na huɗun nan ku ba shi zama na musamman. A makarantu da dama gwajin kawai ake yi, a rubuta maki, a wuce. Ku fito da sunayen yaran da suka gaza, ku yanke wa zai zauna da su, yaushe.

Ka haɗa sabo da tsoho

Kowane malamin iyaye ka ba shi abokin aiki mai horo, wanda ajinsa ke kusa, su riƙa duba shirin darasin juna. Malama sabuwa takan fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta. In kana da malami ƙwararre ɗaya kacal, ka yi tunani sosai kafin ka kai shi CM2 saboda sakamakon CEP. Ni SIL zan kai shi.

Iyaye da kayan aiki

Kayan pake minimum, wato alli da sauran kayan aikin da gwamnati ke ba makarantu, da ke fitowa ta hannun magajin gari sukan makara, ba kuma sa isa. A taron APEE ka kawo alluna biyu na yara, na wanda ya iya da na wanda bai iya ba, ba tare da suna ba, ka nuna wa iyaye. Sannan ka roƙi abu takamaimai: kwalin alli, ɗan allo ga kowane yaron SIL, kuɗin mashin na malamin da zai je taro a gunduma. Ka roƙi a biya malamin iyaye kan lokaci, domin wanda ya yi wata uku ba a ba shi ko dala ba, ba za ka iya ce masa ya tsaya zaman Laraba ba. Ka kai wa Jauro ko Lawan ko Sarkin Hausawa gaisuwa kafin taron, ka yi masa bayani. In ya ce a yi, an yi rabin aikin.

Kai ma kana buƙatar mai duba ka

Yawancin daraktoci daga aji aka ɗauko su, ba wanda ya koya musu shugabanci. Ka nemi daraktan makarantar da ke kusa, ku riƙa ziyartar juna sau ɗaya a zango. Ya zauna a gefe, da izinin malamin, lokacin da kake maganar bayan darasi, ya gaya maka ko ka cika surutu. Ku buɗe zauren WhatsApp na daraktocin yankinku don musayar shirin darasi da hoton allo, a kuma hana tura abin da ba na aiki ba. In insifekta ko mai ba da shawara kan koyarwa ya zo, kada ka tsaya ga miƙa masa ƙididdiga. Ce masa: "Ranka ya daɗe, ga inda muka maƙale a karatun CP, a taimaka mana da darasin misali."

Ka tanadi littafi guda na wannan aiki kaɗai, kowane malami da shafinsa: ranar shiga aji, abin da aka gani, gyaran da aka amince, ranar komawa. A ƙarshen zango ka sake kiran yaran nan goma na CE1, ka ba su wasu layuka huɗu sababbi masu nauyi ɗaya da na farko, ka rubuta sakamakon kusa da na baya. Ka kai shafin zaman Laraba na farko a sabon zango, ku duba tare, ku zaɓi gyaran da za a sa gaba.