Yadda za ka riƙe matasan da ke yi maka aiki a shago

Masu shago da yawa na kukan cewa yaran yanzu ba sa zama. Wata uku, yaro ya fara gane kan kaya, sai a wayi gari ya tafi. A ganina ba ƙiwuya ce ke korar yawancinsu ba. Sun hanga gaba ne ba su ga inda aikin zai kai su ba.

Da farko, ku yi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe tun ranar da ya fara: nawa ne albashi, yaushe ake biya, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, wace rana ce ta hutu. Ku rubuta, kowa ya riƙe nasa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1957 ta tanadar wa ma'aikatan kasuwanci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, kuma duk wanda ya taɓa yini a tsaye bayan kanta ya san dalili.

Na biyu, biya a ranar da ka ce. Idan ciniki ya ja baya, faɗa masa tun da wuri.

Na uku shi ne inda aka fi sakaci. A 1959 Frederick Herzberg, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa albashi mai kyau yana rage ƙorafi ne kawai; abin da ke sa mutum ya zage dantse shi ne a ba shi amana, a yaba masa, ya ga yana ƙaruwa. Saboda haka koya masa sana'ar, ba ɗauko da miƙo kaɗai ba. Tafi da shi wurin sari. Nuna masa yadda ake fitar da riba, da yadda ake gane kayan da suka kwanta. Sannan ware masa ɓangare guda, ka ce: "Wannan naka ne, kai za ka jera, kai za ka ƙirga, kai za ka gaya mini abin da ya ƙare." Za ka gan shi yana goge ƙura ba wanda ya sa shi. Idan cinikin ɓangaren ya ƙaru, ba shi la'ada.

Na huɗu, kada ka yi masa faɗa a gaban kwastoma. Yarinya ta yi kuskuren canji, hannunta na rawa, mutane na kallo: gyara lissafin, sallami mai saye, sai an rufe ku zauna ku duba inda aka kuskure. Tsawa ɗaya a bainar jama'a tana ɓata abin da ƙarin albashi ba zai gyara ba.

Sai kuma duk ƙarshen wata ka ware minti goma ka tambaye shi me ke ba shi wahala, me yake so ya koya. Idan karatu yake yi, daidaita masa lokacin aiki kafin jarrabawa ta zo.