Yadda nake ɗaukar hoton mujiya

Ƙananan tsuntsaye ne suke nuna mini mujiya. Bahaushe da ya ce wane ya zama mujiya a cikin tsuntsaye ya lura da kyau: duk inda suka gan ta da rana sai su yi mata caa, suna ihu suna kai mata sara. To idan ka ji hayaniyarsu ta yi yawa a kan bishiya ɗaya, tsamiya ce ko mangwaro, tsaya daga nesa ka duba da madubin hangen nesa. Wani lokaci maciji ne, amma sau da yawa ita ce, ta lafe a jikin gangar bishiyar. Alama ta biyu a ƙasa take: farin kashi a gindin bishiya, da dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓera da take amayarwa bayan ta ci. Inda ka ga waɗannan, nan take wuni, kuma gobe ma nan za ka same ta in ba a kore ta ba.

Mujiya iri-iri ce. Ga mai koyo, ƙaramar nan mai ɗigon fari ta fi sauƙi, domin tana fitowa da rana. A ƙeyarta akwai baƙaƙen tabo biyu kamar idanu. Na taɓa ɗaukar hoto kusan talatin ina murna, sai a gida na ga ashe duk ƙeya na ɗauka. Akwai mai farar fuska da idanu ruwan lemo, tana son bishiyoyi masu ƙaya. Akwai kuma babbar nan mai fatar ido ruwan hoda, wadda ake samu a manyan bishiyoyin bakin rafi, irin na Yankari a Bauchi. Da rani ganye ya zube, an fi ganinsu, sai dai gawo, shi da rani yake ganye, don haka kada ka wuce shi ba ka leƙa ba.

Kayan aiki ba su da yawa: gilashi mai zuƙo nesa, milimita 400 ko fiye, da maɗorin kyamara mai ƙafa uku. Gab da magariba haske yana ƙarewa da sauri, sai in buɗe gilashin iya buɗuwarsa, in ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, zuwa 3200, in bar saurin ƙiftawar kyamara a 1/125 na daƙiƙa tunda mujiyar a zaune take. Filasha kuwa ba na sawa. Tana kashe mata ido a lokacin da za ta fita farauta, hoton ma ya fito da jan ido.

Yanzu ga inda aikin yake. Mujiya tana iya zama wuri ɗaya tsawon awa, saboda haka kai ne za ka motsa. Kafin ka danna, bar kallonta, kalli abin da ke bayanta. Farin sararin sama da ke leƙowa ta tsakanin ganye shi ne babban mai ɓata hoto, ido can yake tafiya ya bar tsuntsuwar. Taku ɗaya zuwa dama ko hagu yakan sa duhun ganyen wata bishiya mai nisa ya koma bayanta, kuma iya nisan bishiyar iya laushin bayan hoton. Haka reshen da ya gitta mata fuska, ko wanda ya fito kamar ya tsiro daga kanta. Matsa, kada ka karya reshen, shi ne labulenta.

Kada ka tsaya a gindin bishiyar kana ɗaga kai, ciki da haɓa kawai za ka samu. Ja da baya sosai, ko ka hau tudu, har ka ji kamar kuna kallon juna ido da ido. Saita kaifin hoton a kan idon da ya fi kusa da kai. Idanunta ba sa juyawa a cikin gurbinsu, kan take juyawa gaba ɗaya, har digiri 270, to jira ta waiwayo inda haske zai ɗan ƙyalla a ƙwayar idon. Kada ka yi tafi ko fito don ta kalle ka. In ka ga ta miƙe ta tsuke jiki ta runtse ido, ka matsa mata da yawa, koma baya.

Ba na son sa ta a tsakiya sai in tana kallona kai tsaye, a nan fuskarta mai kama da faranti ta cancanci tsakiyar. In ta kalli gefe, ina barin fili a wajen da take kallo. Kuma na daina cika hoto da ita. Wanda na fi so cikin hotunana, mujiyar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na hoton ba: kogon kuka ne, ita a bakinsa, launinta ya saje da ɓawon, sai mutum ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Kai, ga ta nan!"

In ka gama, tattara kayanka a nesa da bishiyar, kada ka nuna ta da yatsa a gaban yara masu danƙo. Mutane da yawa suna camfa ta, wasu kuma suna kama ta su sayar wa bokaye. Shi ya sa in na sa hoto a Facebook sunan jiha kawai nake rubutawa.