Yadda ake gane ko hodar sinadari tana fitar da hayaƙi mai guba in ta ƙone

Don Allah jama'a a daina gwada hoda da ashana a tsakar gida. Wani maƙwabcinmu ya tsinci buhun wata hoda ruwan ɗorawa a tsohon sito, ya ɗiba a murfin gwangwani ya ɗora kan garwashi wai yana so ya ga ko tana cin wuta, ashe farar wuta ce, ranar kwana ya yi yana tari idanu jajur ƙirji kamar ana ƙulle shi.

Fara da jikin buhun tukuna. Nemo sunan hodar da lambar CAS (lambar shaida ce da kowane sinadari ke da tasa), ka buga a intanet ka sauko da takardar SDS ɗinta, wato takardar bayanin haɗarin sinadarin da yadda ake kare kai. Sashe na 10 shi ke faɗin gubar da take fitarwa in ta ji zafi, na 5 kuma yadda ake kashe gobararta. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa. Mai farar wuta tana ba da gas mai shaƙe numfashi da ake kira SO2, mai kolorin irin robar PVC tana ba da hayaƙin asid na HCl, wasu masu naitirojin har guba mai kisa ta sayanaid suke fitarwa.

In babu suna ko rubutun ya goge, to sa safar hannu ka ɗebi kamar cokali ɗaya a busasshiyar kwalba mai murfi ka kai sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa. Kar ruwa ya taɓa ta, wasu irin maganin da ake sa wa wake a sito danshi kaɗai ya isa su saki guba. A can jami'ar ɗan mitsitsi suke ɗiba, miligiram kaɗan, su dumama a hankali cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi ya fitar waje, sai su bi da hayaƙin ta bututun Dräger, wani ɗan bututun gwaji mai canza launi in gas ya ratsa shi, kowane gas da nasa bututun. Jiƙaƙƙiyar takardar gwaji ta litmus shuɗiya in ta koma ja akwai asid a hayaƙin. Inda suke da na'urar TGA mai auna nauyin hodar yayin dumamawa haɗe da FTIR mai gane irin gas, har zafin da kowane gas ke fara fita za su gaya maka.

Hanci kuwa kar ka yarda da shi ko kaɗan, CO, wato gas ɗin kabon monoksaid mai kisa, ba shi da wari ba shi da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri. Wanda ya riga ya shaƙa a fitar da shi iska a wuce asibiti, a ɗauki hoton buhun a waya a nuna wa likita.