Yadda ake gano matsala idan kwamfutocin VLAN biyu sun kasa kaiwa ga juna

A ofisoshin Abuja da aka raba kwamfutoci zuwa VLAN, wato rukunoni daban-daban da ake ware su ta hanyar saiti ko da suna kan na'ura ɗaya, misali sashen kuɗi a VLAN 10, sauran ma'aikata a VLAN 20, ƙorafin da aka fi kawowa shi ne kowa yana ganin na sashensa amma ba ya kaiwa ga firinta ko sabar da ke ɗaya ɓangaren. Masu koyo sukan fara canza kebul, wasu ma har su nufi kasuwar Banex sayen sabon suwic (na'urar da ake cusa kebul ɗin kwamfutoci a cikinta) da tsadarsa, alhali mafi yawan lokuta saiti ne kawai ya karkace.

A fara daga kwamfutar da ke kuka, a buga umarnin ipconfig don ganin adireshinta. Idan adireshinta ya fara da 169.254, ba ta samu amsa daga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ba, kuma in sabar DHCP tana wani VLAN ne, sai a duba ko an sa ip helper-address, saitin da ke miƙa buƙatar adireshi ga sabar, a rauta, wato na'urar da ke haɗa VLAN da VLAN. Idan adireshin daidai yake, a yi wa ƙofar fita, wato adireshin rauta na wannan VLAN, ping (ɗan saƙon gwaji da ke nuna ko na'ura tana amsawa), kafin a gwada kwamfutar da ke nesa. Ni ba na yarda a tsallake wannan mataki, domin shi ke nuna ko matsalar tana gaban rauta ne ko bayanta.

Idan ƙofar ba ta amsa ba, a shiga suwic a buga show vlan brief, a tabbatar ramin da aka cusa kebul yana VLAN da ya dace. Daga nan sai babban layin da ke haɗa suwic da suwic ko da rauta, wato trunk, wanda ke ɗaukar VLAN da yawa da alamar 802.1Q mai nuna VLAN ɗin kowane saƙo, kuma a nan ne na fi ganin masu koyo suna faɗuwa. A buga show interfaces trunk a ɓangarorin biyu, ba ɗaya ba, a karanta jerin VLAN da aka yarda su wuce. A suwic na Cisco, duk wanda ya rubuta switchport trunk allowed vlan 20 ya manta da kalmar add, ya goge jerin da ke nan gaba ɗaya ya bar 20 kaɗai, fitilar ramin kuma za ta ci gaba da haskawa kore kamar lafiya lau. A kuma duba VLAN marar alama, wanda yake 1 tun daga kamfani, ya zo ɗaya a gefe biyun, kuma a tabbatar an ƙirƙiri VLAN ɗin a kowane suwic da ke kan hanya.

Idan ƙofa ta amsa amma na nesa ta yi shiru, a duba ko an kunna ip routing, saitin da ke barin saƙo ya wuce daga wani VLAN zuwa wani, sannan a duba ƙofar fita ta waccan kwamfutar, tunda amsa ma sai ta sami hanyar dawowa. Katangar tsaron Windows tana toshe ping, don haka a gwada ainihin aikin da ake so. Da an gama a buga write memory don adana saitin, in ba haka ba ɗaukewar wuta ta farko za ta tafi da gyaran.