Idan TrueNAS ta ƙi tashi

'Yan'uwa masu kula da sabar ajiya a shago ko ofis a nan Legas, idan an ɗauke wuta TrueNAS, wato manhajar da ke tafiyar da sabar, ta ƙi tashi saboda faifan tayarwarta ya lalace, ku kwantar da hankali. Shi faifan tayarwa, manhaja da saituna kawai yake ɗauke da su, kayanku suna kan manyan faifan ZFS, wato tsarin da TrueNAS ke haɗa faifai da shi su zama rumbu ɗaya.

Kafin komai, ku kashe na'urar ku zare wayoyin manyan faifan duka. A nan ake tafka asara: wajen sake girka TrueNAS jerin faifai ke fitowa, ka kuskure ka zaɓi na ajiya, shi ke nan an goge. Ku sa sabon faifan SSD a madadin faifan tayarwan, ko ƙarami ne muddin ya kai girman da TrueNAS ke buƙata. Ana samunsu birjik a Computer Village, Ikeja. Filashi kam ni na daina tayar da sabar da shi, yawan rubuta bayanai a kansa ke kashe shi.

Ku girka sigar TrueNAS da kuke kai ko wadda ta fi ta sabunta, ku mayar da wayoyin, sannan ku loda fayil ɗin saitunan da kuka adana. In babu shi, ku shigo da rumbun ZFS ɗin ku sake saita asusu da hannu. Wanda ya kulle rumbunsa, sai ya nemo makullin tukuna.