Komawa Gida Bayan Ritaya a Ingila: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Ɗaure Kaya

Da wuya a sami mutumin Arewa da ya yi shekara ashirin ko talatin yana aiki a Landan ko Birmingham ko Manchester, likita ne ko malamin jami'a ko direban bas, wanda bai taɓa ce wa abokansa da zarar ya ajiye aiki zai tattara nasa ya nasa ya koma Kano ko Zariya ko Katsina ba. Maganar tana da daɗin faɗa, musamman a watan Disamba, lokacin da duhu yake rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya tuna majalisar ƙofar gida bayan sallar La'asar. Matsalar ita ce yawancin masu wannan buri suna auna zaman gida ne da abin da suka gani a hutun Sallah, alhali mai hutun mako uku baƙo ne: ana yanka masa kaza, ana kawo masa fura, kuma idan an ɗauke wuta ba shi ne yake tunanin man janareto na wata mai zuwa ba. Wanda zai koma gaba ɗaya kuwa, dole ya yi lissafi irin na mazauni.

Abu na farko da za ka duba, tun kafin maganar kuɗi, shi ne takardar da kake zaune da ita a Birtaniya. Idan izinin zama na dindindin kawai gare ka, ka sani cewa yana faɗuwa da kansa idan ka yi fiye da shekara biyu a jere a wajen ƙasar, kuma daga nan sai ka nemi biza ta musamman kafin ka dawo zama, wadda ba lalle ne a ba ka ba. Wanda ya karɓi shaidar zama ɗan ƙasa kuwa, ko shekara goma ya yi a Funtuwa, fasfonsa yana nan daram. Sashe na 28 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 bai hana ɗan ƙasa ta haihuwa riƙe fasfo biyu ba, saboda haka wanda ya cancanta amma ya yi ta jan ƙafa, gara ya kammala wannan kafin ya sayi tikiti. Masu zaune a Amurka ma suna da irin wannan tarko, sai dai nasu wa'adin ya fi gajarta, domin mai koren kati, wato izinin zama na dindindin a can, da ya shekara a waje ba tare da takardar izinin sake shiga ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya bar zamansa.

Sai batun fansho, kuma a nan ne mutane da yawa suke shan mamaki bayan bakin alƙalami ya bushe. Gwamnatin Birtaniya za ta ci gaba da biyan ka fanshonka na gwamnati ko a ina kake zaune, wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarin da ake yi duk watan Afrilu ba ya bin mutum zuwa kowace ƙasa. Wanda ya koma Faransa ko Amurka ko Jamaika yana samun ƙarin, saboda akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen, amma Najeriya da Ghana ba sa cikin wannan sahu. Ma'ana, adadin da kake karɓa ranar da ka tare a gida, a kansa za ka tsaya. Cikakken sabon fanshon gwamnati, wanda sai mai shekara 35 na biyan gudummawar inshorar ƙasa yake samu, ya kai fam 230.25 a mako a Afrilun 2025, bayan an yi ƙarin kashi 10.1 cikin ɗari a 2023, da kashi 8.5 a 2024, da kashi 4.1 a 2025. Duk waɗannan sun wuce wanda yake zaune a Kaduna. Ko da mafi ƙanƙantar ƙarin da tsarin ya tanada aka yi ta yi, wato kashi biyu da rabi a shekara, bayan shekara ashirin abokinka da ya zauna a Landan zai riƙa karɓar kusan fam 164 a duk inda kai kake karɓar fam ɗari. Mutumin da ya yi ritaya yana da shekara 66 bai kamata ya ɗauki shekara ashirin a matsayin abu mai nisa ba, kuma shekarun ƙarshen nan su ne suka fi cin kuɗin magani.

Fanshon wurin aiki yana da nasa ƙa'idojin dabam, don haka ka rubuta wa masu kula da shi su ba ka amsa a rubuce kan ko za su biya ka a asusun waje, da kuma abin da zai kai ga uwargida idan ta Allah ta kasance. Tallafin da ake ƙara wa masu ƙaramin fansho da tallafin kuɗin haya kuwa, na mazauna ƙasar ne kaɗai, kuma galibi suna tsayawa idan mutum ya wuce mako huɗu a waje.

Wani zai ce ai faɗuwar naira ta cike wannan giɓi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kafin a saki farashin canji a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuma ta haura naira 1,500, sai mai fam a hannu ya ga kamar an ninka masa arzikinsa. Sai dai kasuwa ba ta tsaya jiransa ba. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban wannan shekarar. Abubuwan da ɗan ritaya ya fi buƙata, irin su magani, da batirin sola, da kayan gyaran mota, da tikitin jirgi na zuwa ganin jikoki, duk farashinsu dala yake bi. A ganina, abin da ya fi hikima shi ne a bar kuɗin a fam, a riƙa canza na wata ɗaya kawai, kada a juye ajiyar shekara talatin zuwa naira a rana guda don wani ya kawo labarin kasuwanci mai riba.

Idan ka zo rubuta kasafin wata, kada ka tsaya a cefane da mai da albashin mai gadi da direba. Akwai wani babi da ba ya cikin kasafin Bature, kuma shi ne yakan fi kowanne nauyi. Mutumin da ya dawo daga Turai, tun kafin ya gama karin kumallo zai tarar da mutum uku a zaure: ɗan ƙanensa da takardar kuɗin rajistar jami'a, maƙwabci da takardar magani daga asibiti a ninke cikin aljihu, da wata gwaggo da ta zo sanar da bikin autarta, ta kuma ɗan yi shiru bayan ta faɗi ranar. Babu wanda ya zo da mugun nufi a cikinsu, kuma wannan hidima tana cikin abin da ya sa zaman gida yake da daraja. Amma lokacin da kake Ingila, kai ne kake zaɓar ranar da za ka aika da abin da za ka aika, yanzu kuwa ido da ido ne, kuma albashi ya tsaya. Ka yanke adadin da za ka iya fitarwa duk wata don zumunci, ka rubuta shi kusa da kuɗin wuta, sa'annan ka duba ko abin da ya rage zai riƙe gida.

Batun lafiya ya kamata a daɗe a kansa fiye da yadda aka saba. Asibitocin gwamnatin Birtaniya suna duba mutum kyauta ne saboda yana zaune a ƙasar, ba saboda launin fasfonsa ko yawan harajin da ya taɓa biya ba. Wanda ya tare a Najeriya, idan ya zo ziyara ya kwanta a asibiti a Ingila, ana iya cajinsa kuɗin aikin har da ƙarin rabinsa a kai, ko da kuwa shi kansa ya yi shekara talatin yana aiki a wannan asibitin. Maganin da ake ba wanda ya haura shekara sittin kyauta, a gida da kuɗinsa zai saya, kuma sai ya san kantin da ya amince da shi saboda jabu. Don haka ka je wurin likitanka a yi maka cikakken bincike, ka karɓi kwafin bayanan lafiyarka, ka rubuta sunayen magungunanka na asali ba sunan kamfani ba. Daga nan ka yi tambayoyin da suka shafi cutarka kai kanka: idan hawan jini ne ko ciwon suga, wane likita ne zai riƙa ganinka, kuma ina za ka ajiye allurar insulin idan wuta ta kwana biyu ba ta zo ba? Idan ƙoda ce ko zuciya, minti nawa ne daga ƙofar gidanka zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato? Amsar wannan tambaya takan sa mutum ya fasa gina gida a ƙauyensu ya zauna a birni. Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda dattawa suke rainawa saboda sun sha shi tun suna yara, alhali kariyar da jiki ya samu a ƙuruciya tana gushewa bayan an daɗe a ƙasar da babu cutar, har ya kan iya kwantar da wanda ya dawo kamar yadda zai kwantar da Bature.

Gida kuwa, zuwa da kai ya fi saƙo. Labarin wanda ya shekara biyar yana aika kuɗi ana turo masa hotuna ta WhatsApp, ya zo ya tarar gini bai wuce linta ba kuma ciyawa ta cinye tulin yashi, ba baƙon labari ba ne a cikinmu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, saboda haka takardar cinikin da dillali da mai unguwa suka sa wa hannu ba ta kai takardar shaidar mallaka ta gwamnati ƙarfi ba. Ka sa lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya bincika fayil ɗin a hukumar filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja. Gidanka na Ingila kuma, idan mallakarka ne, kada ka yi gaggawar sayarwa, domin hayarsa fam ce mai ƙaruwa, wadda za ta toshe ɓarakar fanshon da ya tsaya. Idan na ƙaramar hukuma ne, ba a yarda ka saka wani a ciki ka tafi ba, kuma idan ka miƙa makulli, sake samun irinsa sai an sha jira.

Akwai tambayar da maza da yawa suke tsallakewa: shin uwargida ma komawar take so? Sau da yawa maigida yana hango majalisa da sahun farko a masallacin unguwa, ita kuwa tana hango jikokinta da ke Leeds, da ƙawayen da suka zame mata dangi, da 'yancin hawa bas ta je asibiti ba tare da jiran direba ba. 'Ya'yan da aka haifa a can, wuya ne su biyo ku, kuma idan jiki ya yi rauni su ne za su riƙa kai da kawowa. A zauna a yi maganar a fili, har da inda kowa yake so a rufe shi, da wasiyya, domin dokar Ingila ba ta raba dukiyar wanda ya rasu bai bar wasiyya ba bisa ƙa'idar gadon Musulunci.

Bayan duk wannan lissafi, kada a yanke hukunci sai an yi gwaji, kuma a zaɓi lokacin da gida ya fi tsanani. Ka zo a farkon Maris ka zauna har ƙarshen Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri arba'in, ka sauka a gidan da za ka zauna ba a otal ko gidan yayanka ba. Ka biya kuɗin wuta da ruwa da kanka, ka bi layi a banki ka daidaita lambobinka na BVN da NIN, ka je asibitin da ka zaɓa ka buɗe kati tun kana da lafiya. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har da ɗari biyar ɗin da ka miƙa a ƙofar masallaci. A wata na biyu, lokacin da masu zuwa sannu da zuwa suka ɗauke ƙafa, za ka ga wanda ya rage a cikin abokan ƙuruciya, da abin da kake yi da kanka tsakanin hantsi da Azahar. Wasu a nan suke gane cewa raba shekara ya fi musu, su yi hunturu a gida su koma can da bazara, muddin jiki da aljihu suna ɗaukar tafiyar.

Idan gwajin ya yi, sai ka sanar da sashen fansho na ƙasashen waje da ke ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya, da hukumar harajin ƙasar, ranar da za ka tashi. Ka ba su adireshin da wasiƙa take isa da gaske, domin lokaci zuwa lokaci sukan aiko da takardar shaidar cewa kana raye, wadda za ka cike wani mai muƙami kamar likita ko lauya ya sa hannu a mayar musu, kuma idan ba ta koma a kan lokaci ba sukan dakatar da biyan kuɗin har sai sun ji daga gare ka.