Yadda na gyara kwantak ɗin motata a Damagaram

Makullin motata ya ƙi juyawa kusa da Kasuwar Dole, ko da na girgiza sitiyari don ya saki, sai na kira mai gyaran makulli da ke zuwa har inda mota ta tsaya. Da farko ya cire wayar batir, sannan ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari ya zaro kwantak ɗin, wato wurin da ake zura makulli a tayar da mota, sai muka tarar ƙananan ƙarafan cikinsa sun cinye, ƙurar hunturu kuma ta cushe su. Ya saka sabo, amma na roƙe shi ya jera ƙarafan daidai da tsohon makullina, domin ba na son ɗaukar makulli biyu, ɗaya na ƙofa ɗaya na tayarwa. Motar ta tashi nan take.